Amanar da Nasrullahi Ya Ba Ni a Hanyar Ƙuba

Na Allah muke, mai ƙarfinmu da mai rauninmu, kuma gare Shi za a mayar da mu. Da safiyar Talata, 22 ga Rabi'us Sani 1447, daidai da 14 ga Oktoba 2025, Allah Ya karɓi ran ƙanena Nasrullahi Abdurra'uf a wani asibiti a nan Madina, yana da shekara talatin da takwas. Ranar Litinin bayan la'asar ya yanke jiki ya faɗi a ɗakinsa a unguwar Ranuna, bai sake farfaɗowa ba. An sallace shi a Harami bayan azahar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ya bar matarsa Munirat da 'ya'ya mata biyu, Sundus da Afnan.

Nasuru, ni ce yayarka Ikilima. Ka san rubutu ba sana'ata ba ce. Abin da na iya shi ne in biya wa mata karatu da hantsi, in gyara musu madda da gunna. Mako uku ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Akwai wata takarda da ka sa na rubuta da hannuna, ka ce in fitar da ita in ka riga ni tafiya. To an zo har gida an roƙe ni in bar ta ta bi ka ƙasa, wai fitar da ita ɓata maka suna ne. Tsakanin amanarka da rufin asirinka na tsaya duk kwanakin nan. Bari in fara da kai tukuna, kafin in zo kan takardar.

Ni na fara rubuta maka allo a zauren Baba a Gusau. Shekara goma sha uku na ba ka, don haka a hannuna ka girma. Kana ɗan shekara bakwai rigar ɗan sha biyu ake ɗinka maka, amma ban taɓa jin an kawo ƙararka ka doki ɗan wani ba. Na tuna shekarar da ragon layya ya tsinke igiya ya nufi titi, manya suna ta zagaye shi suna tsoron ƙaho. Kai kuwa ka ruga ka rungume shi ta ƙugu kuka zube tare. Da ka tashi, maimakon ka duba gwiwarka da ke jini, sai ka hau shafa masa kai kana ba shi haƙuri. Baba ya yi dariya har ya share hawaye da bakin rawani. Babu wanda ya san ranar cewa abin da za ka ci abinci da shi ke nan.

Kana shekara goma sha uku Kawu Mu'azzam ya tafi da kai wani gari a arewacin Ingila don ka yi boko. Can wani malamin motsa jiki ya kalle ka sau ɗaya ya miƙa maka ƙwallon zari-ruga. Ga waɗanda ba su san wasan ba, irin nasa shi ne na mutum goma sha uku a kowane ɓangare, shi kuma ɗan gaba ne, mai lamba takwas. Aikin ɗan gaba, yadda ya bayyana mini, shi ne a miƙa masa ƙwallo ya ruga kai tsaye cikin ƙarti biyu ko uku da ke jiransa, ya ci wa ƙungiyarsa 'yan taku na fili da jikinsa, a kayar da shi, ya tashi, a sake. In ƙwallo ya koma hannun abokan karawa, shi ne bangon da za su zo su daka. Babu hular kwano, babu komai.

Kakar wasa goma sha uku ka yi kana wannan, a ƙungiyoyi biyu, wasa ɗari biyu da sittin da huɗu. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, don a cikinsu akwai masu wankin riguna da masu share fili da ka ce sun riƙe ka da mutunci. Ka yi azumi kana bugawa. Ranar da kuka samu hawa zuwa babban rukuni, abokanka suna fesa wa juna giya a ɗakin sauya kaya, kai ka tsaya a soro da tawul a kafaɗa har suka gama, sannan ka shiga kowa ka rungume shi. A 2019 ka saka rigar Najeriya a Legas, wasa uku, ka ce mini duk rigunan da ka taɓa sakawa babu wadda ta yi maka nauyi kamarta. Inna tana raye lokacin. Aka nuna mata a waya, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi me ka yi wa mutanen nan suke ta dukanka, kuma me ya sa babu mai rabawa.

Ni sau ɗaya na kalla, shekarar da ka zo Umra ka sauka gidanmu. Ba jinin ne ya tayar mini da zuciya ba, ƙarar ce, ƙarar kai da kai, da ihun murnar da ya biyo bayanta. Na ce ka kashe. Ka yi dariya ka ce kada in damu, 'yan kallo ma wani suna suke kiranka da shi wanda ma'anarsa kan dutse. Na yi shiru. Wannan shirun yana cikin abubuwan da nake wa istigfari.

Da ka ajiye wasa ka kwaso iyalinka kuka dawo kusa da ni a 2021. Maigidana Malam Rabo, wanda a nan aka haife shi, ya taimaka aka samo maka iƙama, wato takardar izinin zama, da aiki a wani kamfanin ɗaukar kayan fasinjoji a filin jirgi. Mutumin da dubbai suke kiran sunansa ya koma jan akwatunan alhazai, ban kuwa taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Cewa kake akwati ba ya ramawa. Alhazanmu in sun ji Hausa a bakin ƙaton nan sai su maƙale maka kamar sun ga ɗan ɗakinsu. Akwai Hajiya Zinariya, wata tsohuwa daga Maraɗi, da jiri ya kwashe ta a rana kafin a kawo keken guragu. Ka ɗauke ta cak kamar jaririya har cikin bas, ka koma ka nemo mata takalminta ɗaya da ya faɗi. Da yamma sai ga ka a ƙofata, fuska a damuwe, kana tambaya ko akwai laifi tunda ba muharramarka ba ce. Na ce maka lalura ce, ka kwantar da hankalinka. Tsohuwar nan ta kira ni ranar sadakar uku, kuka ya hana ta magana.

A shekara ta biyu da zuwanka abin ya fara. Da fari makulli ne da waya, muna yi maka tsiya. Sai ka loda kayan wani jirgi a motar wani. Sai ranar da ka fita sayen burodi a layin da ka bi sau ɗari, wani mai shago ya kira Munirat ya ce ga mijinta zaune a ƙofarsa ya rasa hanyar gida. Aiki ya gagara. Wata rana ka fusata a kan abin da bai kai ya kawo ba ka daki ƙofa ta tsage, yaran suka ɓuya bayan uwarsu, kai kuma ka zauna a ƙasa kana tambayar wa ya fasa ƙofar.

Amma abin da ya fi ci maka rai salla ce. Ka daina riƙe raka'a. Na zauna na sake koya maka ƙabli da ba'adi kamar yadda Baba ya koya mana, har ya zama babu sallar da za ka idar ba ka yi sujadar rafkanuwa ba, wani lokaci a cikin sujadar ma ka sake rafkana. Daga baya Munirat ta riƙa zama a gefenka tana buga yatsa a tabarma, ɗaya, biyu, uku, sannan in ka sallame ta tashi ta yi tata. Shekara uku tana haka. A bana Fatiha ta fara zame maka daga tsakiya. Na nemo allo wajen wata 'yar Nijar a unguwar Khalidiyya, na rubuta maka da tawada, irin rubutun da na yi maka shekara talatin da suka wuce. Ka riƙe shi a manyan hannuwan nan naka ka ce, "Yaya, mun dawo farko ke nan."

Ni ba likita ba ce, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Likitan da ya duba ka a nan ya ce ba zai rantse a kan dalili guda ba, amma hoton kanka irin na wanda ya sha bugu ne shekara da shekaru. Iyakar abin da aka gaya mana ke nan.

Ranar Asabar mukan taka zuwa masallacin Ƙuba da hantsi, ni da kai, don ba nisa daga gida. Wata Asabar cikin Sha'aban ka tashi garau, irin ranakun da kan zo maka jefi-jefi. A hanya ka bayyana mini wani gwaji da ake muku. Kafin kaka ta fara, ana gwada ƙwaƙwalwar kowane ɗan wasa yana lafiya lau: a karanta masa kalmomi ya maimaita, ya jero watanni daga ƙarshe zuwa farko, ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. A ajiye sakamakon. Ranar da ya bugu a ka, sai a fitar da shi daga fili a sake gwajin a auna da na farko. In ya gaza, ba zai koma ba, sai ya huta kwanaki, wani ya hau gurbinsa. Kana gama bayanin ka zauna a kan wani dakali ka ce in ciro takarda. Littafin sunayen ɗalibaina ne kawai a jakata, a bayansa na rubuta abin da ka shifta mini, ka sa hannu.

Da muka tashi ka tambaye ni abin da har yau yake mini yawo a kunne. Ka ce, "Yaya, in aka zo tambayata a kabari, na manta amsar fa?"

Na ce maka ba da ƙwaƙwalwa ake amsa wannan ba.

Yanzu ga abin da ya biyo bayan rasuwarka, wanda ban so in haɗa shi da sunanka a takarda ɗaya ba. Kwana ɗaya da binne ka, ƙungiyar da ka fi daɗewa a cikinta ta saki hoton bidiyo na tunawa da kai. Sundus ce ta gani a waya ta kawo wa uwarta. Sun tattaro duk wuraren da kanka ya haɗu da na wani, sun rage gudun hoton don a ga yadda wuyanka ke lanƙwasa, sun ɗora kiɗa a kai. A ƙasa suka rubuta cewa cikin kaka goma sha uku ba ka taɓa faɗuwa gwajin bugun kai ba ko sau ɗaya, wai ba a sake yin namiji irinka ba. Aka ce kuma sun tsaya sun yi maka tafi na minti ɗaya a filinsu. Tafi, Nasuru. Waɗannan su ne mutanen da Munirat ta rubuta wa sau uku tana roƙon takardun lafiyarka don likita ya gani, abin da ya zo mata a akwatin gidan waya shi ne mayafin wuya mai launin ƙungiya da kati mai sa hannun inji. Na kalli bidiyon har ƙarshe don kada in yi shaida a kan abin da ban gani ba, sannan na tashi na wanke bakina, don ji na yi kamar na haɗiye ƙuda.

Rana ta uku, tsakanin magariba da isha da ake zaman gaisuwa a nan, sai ga Bakri. Ɗan uwanmu ne na nesa ta wajen Inna, shi ne dillalinka tun kana shekara goma sha tara, shi ke ƙulla maka yarjejeniya da ƙungiyoyi. Shekara uku kana ciwo bai tako Madina ba. Ya zo da ƙamshin turare ya cika layi, da riga mai lamba takwas a leda. Washegari bayan asuba ya matsa wa Malam Rabo sai ya raka shi Baƙi'a ya nuna masa kabarinka. Duk wanda ya zauna garin nan ya san babu suna a kan kabarin kowa a can, tudun ƙasa ne da ɗan dutse, sarki da mai shara duk ɗaya. Malam ya ce masa shi kansa da ya sa ka a lahadu da hannunsa, yanki kawai zai iya nunawa daga nesa. Bakri ya ce yankin akwai tafiya, ga shi jirginsa na rana ne. Ya faki idon masu gadi, ya shimfiɗa rigar a kan tudun da ya fi kusa, ya durƙusa ya dafa goshi, ya ɗauki kansa hoto.

Malam ya dawo gida bai iya karyawa ba. Ya kira ni da alkunyata ya ce, "Wallahi ya Ummu Saif, kabarin jariri ne. Rigar ta rufe shi ruf har ta yi saura."

Kafin azahar hoton ya zagaye duniya, da rubutu a ƙasa wai ga makwancin gwarzo. Jaririn wasu bayin Allah, wanda uwarsa wataƙila tana nan bakin shingen da mu mata muke tsayawa tana leƙe, an mayar da shi abin tallan riga.

Kafin ya wuce filin jirgi ya biyo gidana. Ashe ka taɓa gaya masa a waya cewa ka bar takarda a hannuna. Ya tsaya bayan labule ya yi ta'aziyya da murya mai laushi, ya ce zai kafa gidauniya da sunanka, kuma wata mai zuwa zai tafi da samari huɗu daga gida zuwa gwaji a Ingila, duk albarkacin sunanka. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Yaya Ikilima, ke malama ce, kin fi ni sani. An ce mu ambaci alherin mamatanmu. Mutum ya kwanta a Baƙi'a da sunansa mai kyau, ke kuma ki tashi ki ce wa duniya maƙaryaci ne? 'Ya'yansa fa?"

Na ce masa zan yi tunani, kuma in na fitar da ita sunansa na ciki, ina gaya masa ne yanzu a gabansa don kada ya zama na ci namansa a bayan ido. Ya yi 'yar dariya ya ce ai mai ciwon mantuwa ba a kafa hujja da maganarsa. Na jira ya fita na sa aka buɗe tagogi.

Amma maganarsa ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Na san hadisin, na karantar da shi. Na ji tsoron in tona abin da Allah Ya rufa maka. Na yi istihara, na tambayi wata malama da ta girme ni ba tare da na ambaci suna ba, ta ce wasiyyar da za ta kare wasu daga cuta ba a binne ta, amma in nemi yardar iyalinsa. Na je na samu Munirat a ɗakin takabarta, tana zaune a gefen tabarmar nan taka da ba ta naɗe ba. Na karanta mata takardar, na gaya mata abin da Bakri ya ce game da yaran. Ta daɗe tana kallon yatsanta.

Ta ce, "Yaya, samarin nan huɗu, su ma wata ce za ta zauna tana buga musu tabarma. Ki rubuta."

To ga ta, Nasuru, yadda ka faɗa, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ni Nasrullahi Abdurra'uf, yau Asabar ina cikin hankalina. Gwajin da ake mana a farkon kaka, da gangan nake lalata shi. In an karanta mini kalma goma na riƙe takwas, sai in faɗi huɗu. In an ce in tsaya da ƙafa ɗaya sai in yi tangaɗi. Don ranar da na bugu, in na kawo huɗu da ƙyar, a ce lafiyata lau in koma fili. Bakri ne ya koya mini, ya ce wanda ya huta wani zai gaje shi. Masu riƙe da takardar gwajin suna gani, dariya suke yi. Na sha komawa wasa ban san a wane gari nake ba. Akwai wasan da aka ba ni kyautar gwarzo, har yau ban tuna na buga shi ba. Ƙarya na yi, ba wanda ya ɗaure ni, ina neman gafarar Allah. Na koya wa matasa biyu da suka zo bayana, ina roƙon su yafe mini, su je a duba su. Ban ce kowa ya bar wasa ba, na so shi. Amma duk wanda zai tura ɗansa ya gaya masa, in ya riƙe takwas ya faɗi takwas."

Wannan shi ne gwajin da suke alfahari ba ka taɓa faɗuwa ba. Iyayen samarin nan huɗu, ban san ku ba, amma na san ana karanta Hausa a gidajenku.

An ce in ambaci alherinka. Na duba duk abin da na sani naka, da ragon Baba, da tsohuwar Maraɗi, da rigar Najeriya, ban ga alherin da ya kai wannan takarda ba. Mutum ya samu rana ɗaya garau cikin wata guda, ya kashe ta wajen faɗin laifinsa don wasu su tsira. Na sauke, ƙanena. In na yi kuskure a ciki, nawa ne, Allah Ya yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Munirat, Allah Ya saka mata da abin da ba mu iya saka mata ba. Ga Sundus da Afnan, Allah Ya raya su Ya sa su san ubansu da gaskiyarsa. Ga Kawu Mu'azzam da ke ta zargin kansa, alhali alheri ya nufa. Ga 'yan uwa na Gusau, da abokan aikinsa na filin jirgi da suka ɗauki makararsa suna karɓa-karɓa don nauyi. Jaririn da aka shimfiɗa wa riga, Allah Ya sa ya ceci iyayensa, Ya ba su haƙuri.

Ya Allah, Ka gafarta wa Nasrullahi, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sa maƙwabtakar Baƙi'a ta amfane shi. Ka karɓi sallolinsa da abin da ya rage da abin da ya ƙara, Kai ne Ka san adadin, ba Ka mantuwa. Ka sa ciwonsa ya zama kankarar zunubi. Mu ba mu san wane tudu ne nasa ba, Kai Ka sani. Tambayar nan da ya ji tsoro, ya Ubangiji, Ka tabbatar da harshensa a kanta, Ka sa ya faɗi duk abin da ya riƙe, bai rage ko ɗaya ba. Amin.

Ikilima Abdurra'uf (Ummu Saif)
Ranuna, Madina